WAI ƊALIBAN YANZU BA SA SON KARATU?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Kwana biyun nan duk inda na leƙa a Facebook maganar ɗaya ce. Malaman jami'a suna cewa ɗaliban yanzu ba sa son karatu, ɗalibai kuma suna cewa ai malaman ne ba sa koyarwa. Malami zai ce yana lakca rabin aji na danna waya, sauran rabin kuma ba sa ɗaga biro sai sun ji an ce "wannan zai fito a jarrabawa". Ɗalibai su yi masa ca a ƙasa: wannan ya ce malaminsu sau uku ya shigo aji a zango guda, waccan ta ce handawut ɗin da aka ba su ya girme ta. Ni dai da na karanta duka ɓangarorin ban ga wanda ya yi ƙarya ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma tunda kowa na faɗin albarkacin bakinsa, bari in faɗi nawa, don na zauna a benci a matsayin ɗalibi, yanzu kuma ina tsayawa gaban allo a wata makarantar sakandare, ga ƙannena biyu suna jami'a.

Magana ta farko, ni ban yarda matasan yanzu malalata ba ne. Ku tuna shekarar 2024 lokacin da mainin ya kama gari. Yaron da ake cewa ba ya iya zama da littafi na minti ashirin, shi ne yake tashi ƙarfe biyun dare don kada lokacin danna Hamster Kombat ya wuce shi. Cikin 'yan makonni ya koyi buɗe walat, ya koyi Turancin da ake buƙata, ya koya wa na ƙasa da shi, ba malami ba allo. Ba ina yabon mainin ba ne, kowa ya ga abin da aka tashi da shi a watan Satumbar shekarar. Abin da nake nunawa shi ne himmar tana nan. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ga yaro ɗan shekara 17 ya sunkuya kan injin waya tun safe har la'asar, ubangidansa na tsaye a kansa yana gyara masa hannu. Ko ku leƙa zauren malami bayan sallar asuba. Za ku ga tela da direba da ɗan kasuwa, har da ɗalibin jami'ar da ake cewa malalaci, kowa riƙe da littafinsa, wani Ahalari, wani Iziyya, wani ya kai Risala, suna jiran layi ya zo kansu. Ba a kiran suna, ba a ba da maki, ba satifiket a ƙarshe. Amma ba sa fashi.

To me ke kai su can? Abu biyu na gani. Mutum yana ganin amfanin abin da yake koya da idonsa, sannan malamin ya san shi. A zaure idan ka karanta ba daidai ba, nan take Malam zai tsayar da kai ya gyara. Idan ka yi kwana biyu ba ka zo ba, zai tambaya ko lafiya. Wahalarka da sakamakonka a ɗaure suke da juna, kana gani. A jami'a wannan igiyar ce take tsinkewa, kuma da zarar ta tsinke, himma sai ta nemi wani wurin ta tafi.

Duk wanda ya yi jami'a ya san yadda ɗan aji ɗaya yake a makon farko. Sabon littafin rubutu, biro biyu, ya zo ɗakin lakca tun ƙarfe bakwai don ya samu kujerar gaba. Gida an yi masa addu'a, wataƙila an sayar da akuya ko buhun masara kafin a haɗa kuɗin rajista. Wannan yaron ba da lalaci ya zo ba. Ku sake dubansa a aji uku. Ya koma kujerar baya, abokinsa ke sa masa hannu a takardar halarta, burinsa kawai ya tsallake ba kariyoba. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, me ya same shi tsakanin aji ɗaya da aji uku? Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in faɗi abin da ya same mu. Na shiga wata jami'ar gwamnati a Arewa a farkon 2018, kwas na shekara huɗu, ban fita ba sai 2023. Yajin aikin ASUU uku muka ci karo da su: na ƙarshen 2018 zuwa Fabrairun 2019, wata uku, na 2020 daga Maris zuwa Disamba, wata tara, ga kullen korona a kai, sai na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ku haɗa, wata 20 kenan a zaune a gida. Duk dawowar da muka yi, sai mun ga ajin ya rage. Wani ya kama sana'a ya ga kuɗi ya ce ba zai dawo ba, wata an yi mata aure mijin ya ce ya isa haka. Waɗanda suka dawo kuma sai a matse mana karatun wata huɗu cikin makonni kaɗan don a cike giɓi. A irin wannan gudun wa ke maganar fahimta? Haddace, zuba, manta. Haka muka riƙa yi.

Amma yajin aiki bai isa ya bayyana komai ba, domin a cikin wannan halin ne na ga malamai biyu da har gobe nake kwatanta su. Aji ɗaya suke koyarwa, ɗaki ɗaya, zafin nan ɗaya, fankar da ba ta juyawa ɗaya, ɗalibai mu ne dai.

Na farkon yakan shigo, in ya ga dama, da wani tsohon littafin rubutu da takardunsa suka koma ruwan ƙasa. Ya tsaya ya yi ta karantowa muna rubutawa, awa biyu, har waƙafi da aya sai ya faɗa. Ranar da wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah wannan wurin ban gane ba," amsar da ya samu ita ce ya fara zuwa ya koyi Turanci tukuna. Aka yi dariya. Yaron nan daga makarantar gwamnati ta ƙauye ya fito, kuma daga ranar har muka gama ban sake jin muryarsa a aji ba. Ba shi kaɗai aka rufe wa baki ba, duk wanda ya san Turancinsa na da rauni ya ɗauki darasi. A jarrabawa kuma kowa ya sani, abin da ke cikin littafin nan shi za ka mayar kalma da kalma. Ka kawo misali daga wani littafi, ko daga tunaninka, ka jawo wa kanka. To ɗalibin da ya gane cewa zuwa laburare zai iya rage masa maki, me zai kai shi laburare?

Na biyun kwas ɗin ƙididdiga ya koyar da mu, kwas ɗin da kowa ke tsoro. Lakcarsa ƙarfe takwas ce, bakwai da minti hamsin da biyar yana bakin ƙofa. A makon farko ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya zaɓi kasuwa ɗaya, duk mako a je a tambayo farashin kwanon masara da gero da shinkafa da wake, har mako takwas. Da waɗannan lambobin namu ya koya mana komai: matsakaici, yadda farashi ke warwatsuwa, yadda ake zana jadawali a karanta shi. Wata rana ya tambaye mu me ya sa farashin rukuni biyu da suka je kasuwa ɗaya ya bambanta. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ai kwanon ba ɗaya ba ne, wani an bubbuge gindinsa." Ya tsaya ya kalle ta, ya ce abin da ta faɗa shi ne darasin yau gaba ɗaya, matsalar ma'auni. Ya tambayi sunanta, kuma bai manta ba. In ya ga an yi shiru ba a gane ba, yakan maimaita da Hausa a taƙaice, ya nemi wani ya fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa da misalin garinsu, sannan a koma Turanci. Gwajin da ya yi mana, bayan mako biyu ya dawo mana da takardunmu, jan biro ko'ina. A tawa ya zagaye wani layi ya rubuta in same shi a ofis. Wannan ne karon farko, kuma kusan na ƙarshe, da na ga takardar gwajina bayan na miƙa ta.

Wallahi jama'a, ajin nan cika yake yi har tagogi. Mutanen da ke tura a sa musu hannu a lakcar wancan malamin, su ne ke rige-rigen kujera a wannan. Kuma ba don yana da sauƙin maki ba, ya fi kowa tsanani, da yawa sun faɗi. Amma wanda ya faɗi ya san inda ya faɗi. Tun daga nan na daina yarda da maganar cewa ɗalibi haka yake zuwa da halinsa ba ya canzawa. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Waɗanda suka yi ABU Zariya a zamanin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi, wanda ya rasu a 2005, har yau suna ba da labarin yadda ɗaliban wasu sassa ke barin nasu wurin su zo sauraronsa, alhali ba shi zai ba su maki ba. Yana da kyau mu tuna ɗaliban wancan zamanin ma matasa ne, suna da nasu shagulgulan. Malamin ne ya fi shagulgulan jan hankali.

Yanzu bari in juyo ɓangaren malamai, don adalci. Kafin ka zagi lakcara, tambayi kanka ko za ka iya aikinsa. Ƙa'idar NUC a kwasa-kwasan adabi da zamantakewa ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30. Mu a kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya, ɗaruruwa ne a ɗaki guda, wasu a tsaye, wasu a kan taga, lasifika in akwai ba wuta. Mutum ɗaya zai duba takardu ɗari biyar ko fiye, a ce ya miƙa sakamako cikin 'yan makonni, ga masu furojet goma sha suna jiransa, ga taron sashe. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya gano kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malaman ke da digirin digirgir. Tun lokacin an ƙara buɗe jami'o'i da yawa, malaman kuma kusan su ne dai ake rabawa, shi ya sa za ka ga mutum ɗaya yana koyarwa a jami'a biyu ko uku, rabin makonsa a kan titi. Sai a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta ce ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai.

Ga maganar albashi. Tsarin da aka amince da shi a yarjejeniyar 2009 shi aka yi ta tafiya a kai shekara da shekaru. A 2009 dala ɗaya wajen naira 150 take, a 2024 ta haura naira 1,500. Bayan yajin aikin 2022 an riƙe musu albashin watannin. Malamin da ya fito gida bai bar cefane ba, ya ajiye motarsa saboda tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023, kana so ya shigo aji da fara'a ya san sunan kowa? Wasu suna yi, Allah Ya saka musu. Amma ba a gina tsari a kan waliyyai.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Jami'a ba ta saka wa malami don ya iya koyarwa. Ƙarin girma yana tafiya ne da yawan maƙalun da ka wallafa da shekarun da ka yi. Malamin ƙididdigar nan da ya kwana yana jan biro a takardunmu, da wanda ke karanto tsohon littafi, ranar ƙarin girma ba wanda zai tambayi ɗalibai wa ya koyar da su. Hasali ma wanda ya rage lokacin aji ya zauna rubuta maƙala shi zai riga hawa. Sannan yawancin malaman jami'a ba a taɓa koya musu yadda ake koyarwa ba. Ka fita da sakamako mai kyau, a riƙe ka, a miƙa maka aji. Malamin firamare sai ya yi NCE, ya yi koyarwar gwaji an zo an duba shi. Na jami'a kuwa yadda aka koyar da shi haka zai koyar, in an wulaƙanta shi ya wulaƙanta na baya.

Ƙannena ɗalibai, ku ma ga naku. Gaskiya ɗaci gare ta. Akwai wanda zai kwafo jinga daga ChatGPT ko karantawa bai yi ba ya miƙa. Akwai mai zuwa shagon kwamfuta ya sayi furojet ɗin wani a canza suna da shekara. Akwai wanda ko malami ya tsaya da ka ba zai zo aji ba sai saura mako biyu jarrabawa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Na san dalilanku. Na san akwai mai zuwa lakca da yunwa, na san N20,000 ɗin da NELFUND ke bai wa wanda ya samu rance a wata ba ta kai ko'ina. Na san da yawa likitanci ko lauya suka nema aka ba su kwas ɗin da ko sunansa ba su taɓa ji ba. Na san kuna ganin yayyenku da digiri a akwati suna tuƙa adaidaita. Duk da haka, wanda ya sayi furojet ba malaminsa ya cuta ba. Ranar da aka zaunar da kai gaban kwamfuta a wurin neman aiki aka ce yi mu gani, handawut ba zai zo ya cece ka ba.

Mu ma iyaye da yayye akwai namu. Yaro ya dawo hutu, tambayar farko "ka ci ko ka faɗi?" Ba mai cewa me ka koya. Sannan mu sani cewa shekaru uku a jere, 2022 zuwa 2024, mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne cikin 400, wato kashi 35 cikin ɗari. Yaran da muke turawa da yawansu ba su gama tsayuwa da ƙafarsu ba a karatu da rubutu. Ni da nake sakandare ina ganin haka kullum, kuma nauyin yana kanmu mu ma. Amma tunda jami'a ta karɓe su, ko dai ta ɗaga su daga inda suke, ko ta yi ta yi musu dariya shekara huɗu ta ba su takarda.

Abin da ya sa na damu da maganar nan shi ne ba a aji take ƙarewa ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Ko ka yarda da yadda aka yi jarrabawar ko ba ka yarda ba, waɗannan bayin Allah wata makaranta ce ta yaye su. Ɗalibin da ya haddace ya zuba ya manta yau, gobe shi ne malamin 'ya'yanka, shi zai duba jininka a asibiti, shi zai sa hannu a kan gadar da za ka bi.

Gyaran albashi da gine-gine da ɗaukar malamai aikin gwamnati ne, kuma mu ci gaba da matsa mata. Amma akwai abubuwan da ba sa jiran kasafin kuɗi:

1. A mayar wa ɗalibi takardar gwajinsa kafin jarrabawa. In aji ya yi yawa, ko amsoshin a tattauna a aji ya ga inda ya kuskure.

2. A ranar farko malami ya faɗa wa ɗalibai amfanin kwas ɗin a rayuwa, da misalin garinsu, musamman waɗanda ba zaɓinsu ba ne.

3. A jarrabawa a sa ko tambaya ɗaya ce da hadda ba za ta amsa ba, kuma a ba mai tunani makinsa.

4. A daina yi wa mai tambaya dariya saboda Turancinsa. Gyara masa, ai abin da ya kawo shi kenan.

5. Hukumar jami'a ta riƙa jin ra'ayin ɗalibai kan kowane kwas ba tare da suna ba, kuma abin ya shiga lissafin ƙarin girma. Yadda ake ce wa ɗalibi sai ya halarci kashi 75 na lakca kafin ya zauna jarrabawa, malami ma a san sau nawa ya shiga.

6. Ɗalibai kuma, in kun dace da malami nagari ku riƙe shi hannu biyu. Ku cika ajinsa, ku yi aikinsa da kanku, ku gode masa. Su ma mutane ne, ajin da ya mutu yana kashe musu gwiwa kamar yadda malamin da ya gaji yake kashe muku.

Malamaina da ke bibiyata a nan, Allah Ya gafarta muku, ban rubuta don in ci zarafin kowa ba, duk abin da na iya a hannunku na koya. Kuma ina roƙo, wanda zai yi sharhi kada ya kama sunan malami ko makaranta da mugun abu. Amma in akwai malamin da ya taɓa sa ka son wani kwas da kake tsoro, faɗa mana abin da ya yi, wataƙila wani sabon lakcara yana karantawa ya ɗauka.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba ƙannenmu ilimi mai amfani, Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa. Amin.